SORIYASIS: CIWON FATAR DA AKE ƊAUKA KUTURTA CE

Gabatarwa

Shekarun baya, a wata makarantar kwana da na taɓa koyarwa, ni ne malamin da ke kula da ɗakin kwanan yara maza. Wata safiya cikin hunturu na shiga duba tsabta, sai na tarar an janye gadon wani yaro ɗan aji uku an kai shi can bakin ƙofa. Ba mai taɓa bokitinsa, ba mai cin tuwo kwano ɗaya da shi. Da na tambayi shugaban ɗakin dalili, sai ya ce, "Malam, ai kuturta ce ta kama shi."

Na kira yaron gefe na ce ya naɗe hannun rigarsa. A gwiwoyin hannunsa duka biyu akwai wani faci mai kauri, launin toka, yana zubar da ɓawo kamar dusa. Haka ma gwiwoyin ƙafarsa da ƙeyarsa. Bayan kwana biyu muka kai shi wurin likitan fata a Kano. Likita ya duba, ya sa shi ya rufe ido, ya shafa masa auduga a kan facin, yaron ya ce yana ji. Nan take likita ya ce wannan ba kuturta ba ce, wani ciwo ne da ake kira soriyasis, kuma ba ya yaɗuwa daga mutum zuwa mutum. Kafin wannan rana yaron ya yi kusan zango guda a ware, har ya rubuta wa mahaifinsa wasiƙa cewa yana so ya bar makaranta.

Hausawa sun ce kama da wane ba ta wane. Manufar wannan rubutu ita ce ɗalibai da malamai da iyaye su san kamannin wannan ciwo a jikin baƙar fata irin tamu, su kuma iya bambanta shi da kuturta da makero, don kada a sāke ware wani a kan abin da ba ya kama kowa.

Mene ne soriyasis?

Fatar mutum kullum cikin sabuntawa take. Sababbin ƙwayoyin fata suna tsirowa daga ƙasa, su hau sama sannu a hankali, su mutu, su zube ba tare da mun lura ba. A jikin mai lafiya wannan tafiya takan ɗauki kamar kwana 28. A jikin mai soriyasis kuwa, cikin kwana 3 zuwa 7 an gama. Saboda wannan gaggawa ƙwayoyin ba sa nuna, ba sa kuma zubewa daidai, sai su taru bisa juna su yi kauri. Wannan tarin shi ne ɓawon da muke gani.

Abin da ke jawo gaggawar shi ne garkuwar jiki. Aikinta shi ne yaƙi da ƙwayoyin cuta, amma a nan sai ta yi kuskure, ta riƙa aika wa fata saƙo kamar akwai rauni alhali babu. Don haka babu wata ƙwayar cuta a cikin facin da za ta tsallaka jikin wani. Ba a ɗaukarsa ta gaisuwa, ko cin abinci tare, ko wanka a rafi ɗaya, ko zama benci ɗaya a aji ko a majami'a. Ba kuma rashin tsabta ke kawo shi ba, ba sammu ba ne, ba jifa ba ne.

Akwai gado a cikinsa. Kamar mutum 1 cikin 3 na masu ciwon yana da wani a danginsa da ke da shi. Yana kama maza da mata, yaro da babba, amma ya fi farawa a lokuta biyu: tsakanin shekara 16 da 22, sai kuma tsakanin 55 da 60. Kun ga ke nan lokaci na farko ya faɗa daidai shekarun 'yan sakandare.

Yadda yake bayyana a baƙar fata

Yawancin littattafan kiwon lafiya a Turai da Amurka aka rubuta su, kuma hotunan da ke ciki na farar fata ne. A can ana kwatanta ciwon da cewa ja ne jawur, da ɓawo mai ƙyalli kamar azurfa. Wanda ya riƙe wannan kwatanci ya zo ƙasarmu yana neman ja, zai wuce mai ciwon bai gane shi ba. Ga yadda yake a jikinmu:

1. Launi. Facin yakan zama baƙi-baƙi fiye da sauran fata, ko ruwan ƙasa mai duhu, ko shuni-shuni, ko launin toka. Jan ba ya fitowa sosai.

2. Ɓawo. Yakan yi kauri, fari-fari ko toka-toka, busasshe. In an kankare shi da farce sai ya ƙara fari kamar an kankare kyandir. In aka ci gaba har ƙasa, sai a ga ɗigo-ɗigon jini ƙanana kamar tsinin allura.

3. Iyaka. Gefen facin a fili yake, kamar an shata shi da alƙalami. Kana iya sa yatsa ka ce nan ciwo ya tsaya, nan lafiyayyar fata ta fara.

4. Wuri. Ya fi son bayan gwiwar hannu, gaban gwiwar ƙafa, ƙasan baya wajen ƙugu, cibiya, da fatar kai. Galibi in ya fito a dama, za a same shi a hagu daidai wurin.

5. Fatar kai. Yakan yi kama da amosanin kai mai tsanani, sai dai ɓawonsa ya fi kauri, kuma yakan zarce iyakar gashi ya sauko goshi, bayan kunne da ƙeya.

6. Farce. Kusan rabin masu ciwon faratansu sukan canza: ƙananan ramuka kamar an tsattsaga da allura, ko farce ya yi kauri, ko ya rabu da naman yatsa daga baki.

7. Tabo. Bayan facin ya kwanta, wurin yakan bar tabo, ko mai duhu ko mai haske fiye da sauran jiki. A baƙar fata wannan tabo yakan yi watanni, wani lokaci fiye da shekara, kafin ya baje. Wannan tabo mai hasken shi ne ya fi sa mutane su ce kuturta ce.

Akwai ƙaiƙayi, wani lokaci da zafi, musamman in facin ya tsage a tafin hannu ko tafin ƙafa kamar faso. Ciwon kuma yana da halin tafiya da dawowa: ya yi sauƙi wata da watanni, sa'an nan ya taso.

Ire-irensa

Na farko shi ne mai faci-faci, wanda muka kwatanta a sama. Mutum 8 zuwa 9 cikin 10 na masu ciwon irin wannan suke da shi.

Na biyu shi ne mai ɗigo-ɗigo. Ƙananan ƙuraje masu ɓawo, kamar girman ƙwayar wake ko ƙasa da haka, sukan fito da yawa a ƙirji da baya da hannuwa farat ɗaya. Ya fi kama yara da matasa, sau da yawa mako 2 zuwa 3 bayan ciwon maƙogwaro. Da yawa yakan baje cikin 'yan watanni.

Na uku shi ne na matsattsun wurare: hammata, matsematsi, ƙarƙashin nono. Saboda gumi, nan ba a ganin ɓawo, sai fata ta yi santsi tana sheƙi tana zafi.

Na huɗu shi ne mai ƙurajen mugunya. Ko da yake ana ganin farin ruwa a ciki, ruwan ba shi da ƙwayar cuta.

Na biyar shi ne mai game jiki, inda kusan dukan fata ke kumbura tana saɓulewa, mutum yana rawar ɗari da zazzaɓi. Wannan da na huɗu in ya bazu suna iya kisa. Ba a kwana da su a gida, asibiti ake nufa.

Har ila yau ciwon ba a fata kaɗai yake tsayawa ba. Har zuwa mutum 3 cikin 10 yakan taɓa musu gaɓoɓi: yatsa guda ya kumbura gaba ɗaya, ko diddige ya riƙa ciwo, ko baya ya sandare da safe sai an motsa ya saki. In ba a kula ba gaɓar tana iya lalacewa. Masu ciwon kuma sun fi sauran mutane haɗarin ciwon sukari da hawan jini da ciwon zuciya, don haka ya kamata babba mai soriyasis ya riƙa gwada jininsa.

Yawansa a tsakanin al'ummomi

Rahoton da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a shekarar 2016 ya ce aƙalla mutum miliyan 100 ne ke da wannan ciwo a duniya. Amma ba daidai yake a ko'ina ba. Ya fi yawa a ƙasashe masu sanyi na arewacin Turai. A wani bincike a arewacin ƙasar Norwe an sami fiye da mutum 11 cikin 100. A Amurka wani bincike na 2005 ya sami kashi 2.5 cikin 100 a tsakanin fararen fata, kashi 1.3 a tsakanin baƙaƙe.

A tsakanin 'yan asalin wasu ƙasashe kuwa an daɗe ana cewa babu shi sam. A 1962 wani likita ɗan ƙasar Benezuwela mai suna Jacinto Convit, wanda ya yi suna a aikin kuturta, ya ba da rahoton binciken 'yan asalin Kudancin Amurka fiye da 25,000, ba a sami ko ɗaya mai soriyasis ba. A 1984 aka ba da irin wannan rahoto game da 'yan asalin Ostireliya. Daga baya likitocin Ostireliya sun sami masu ciwon a cikin waɗannan mutane, ko da yake ba da yawa ba.

A Afirka an lura ya fi yawa a gabas, wato Kenya da Yuganda da Tanzaniya, fiye da yammaci. A nan arewacin Nijeriya, Dokta O. E. Obasi ya buga rahoto a 1986 game da masu ciwon da ya gani, kuma ba su kai 1 cikin 100 na masu zuwa asibiti da ciwon fata ba.

To, sai mu lura da abu biyu. Na ɗaya, ƙidayar asibiti tana ƙirga waɗanda suka je asibitin ne kawai. Manomin da ke Dariya ko Burum-Burum ko Riruwai wanda ya tsaya a wurin mai maganin gargajiya ko kemis bai shiga lissafi ba. Wani bincike na 2020 ya nuna ƙasashe 81 cikin 100 na duniya ba su da ƙidayar masu wannan ciwo. Na biyu, ƙarancin ciwo shi kansa matsala ne ga wanda ya same shi. Tun da ba a saba ganinsa ba, ba shi da suna nasa na kansa a bakin jama'a. Sai a ara masa sunan wani ciwo, a ce kirci, ko makero, ko kuturta, a kuma ara masa maganin da tsoron da ke tare da sunan.

Ba mu kaɗai muka yi wannan kuskure ba

Turawa ma sun yi ɗaruruwan shekaru suna haɗa soriyasis da kuturta. Kalmar Helenanci da aka fassara kuturta a tsofaffin littattafai asalinta tana nufin fata mai ɓawo ne. Masu karatun Littafi Mai Tsarki za su tuna cewa a Littafin Firistoci sura 13 da 14 ciwon da ake magana a kai yana kama har tufafi da bangon ɗaki. Saboda haka masana suka ce kalmar Ibrananci da ke wurin ta ƙunshi ciwuka da yawa na fata, ba kuturtar da muka sani yau kaɗai ba.

A 1808 wani likita a Ingila, Robert Willan, ya kwatanta soriyasis dalla-dalla, amma duk da haka ya kira wani irinsa da tsohon sunan kuturta. Sai a 1841 Ferdinand Hebra na birnin Biyana ya raba su sarai. A 1873 kuma Armauer Hansen ɗan Norwe ya gano ƙwayar da ke kawo kuturta, aka tabbata cuta ce daban.

A ƙasar Hausa tsoron kuturta yana da tushe. Kakanninmu sun ga abin da take yi, kuma tun shekarun 1930 'yan mishan suka riƙe asibitocin kutare a Yadakunya ta Kano, Babbar Ruga ta Katsina da Amanawa ta Sakkwato. Amma yau labari ya canza. Kuturta tana warkewa da haɗin magunguna na wata 6 ko wata 12, kuma tun 1995 kyauta ake ba da su. Wanda ya fara sha ba ya sa wa kowa. Ke nan ko da kuturtar ce, magani take bukata, ba kora ba.

Yadda za a bambanta

Da kuturta: facin kuturta yakan yi haske fiye da fata ko ja-ja, yawanci ba ɓawo mai kauri, ba ƙaiƙayi. Babbar alamarta ita ce wurin ba ya ji. In mutum ya rufe ido aka shafa masa auduga ko gashin kaza, ba zai san an taɓa shi ba. Mai soriyasis kuwa yana ji sarai.

Da makero: makero yakan yi zobe, gefensa ya tashi, tsakiyarsa ta yi kamar ta warke. A kai yana karya gashi ya bar fili, ya fi kama yara ƙanana, kuma ana ɗaukarsa ta aska da mataji da hula. Soriyasis cike yake daga gefe har tsakiya, kuma galibi gashi yana nan a cikin ɓawon.

Da kyasbi: kyasbi shimfiɗe yake ba kauri, ɓawonsa laushi kamar gari, ya fi son ƙirji da wuya da kafaɗa.

Da ƙazuwa: ƙazuwa ƙaiƙayinta da dare ya fi tsanani, tana son tsakanin yatsu da wuyan hannu, kuma za ka tarar mutanen ɗaki ɗaya duk suna susa.

Waɗannan alamu don mu san inda za mu nufa ne. Hukunci na likita ne, wani lokaci ma sai ya ɗebi ɗan yankin fata an duba a madubin likita.

Abubuwan da ke tayar da shi

Na farko a wurinmu shi ne hunturu. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu iska takan bushe fata, musamman a wajen Doguwa da Tudun Wada inda sanyi ke da ƙarfi, sai facin ya ƙara kauri ya tsage.

Na biyu rauni ne. Likita Heinrich Koebner na Jamus ya lura tun 1872 cewa sabon faci yakan fito daidai inda aka ji wa fata ciwo. Don haka tsaga da ƙaho da sakiya da ake yi da nufin fitar da "mugun jini" ƙara ciwon suke yi. Haka ma susa, da dirzar jiki da soso mai kaushi ko dutse, da aski mai kankare kai, da kitso mai tsauri.

Sauran su ne ciwon maƙogwaro, damuwa da tashin hankali irin na lokacin jarrabawa, shan taba, shan giya ko burkutu, da ƙiba. Wasu magunguna ma suna tayar da shi, kamar kulorokwin na zazzaɓin cizon sauro da wasu magungunan hawan jini. In ciwon ya taso wa babba farat ɗaya da tsanani, likita yakan ba da shawarar gwajin cutar ƙanjamau, domin ita ma tana tsananta shi.

Magani

Gaskiya ɗaya ce: har yanzu babu maganin da ke raba mutum da soriyasis har abada. Duk wanda ya tsaya a kasuwar Kwanar Dangora ko cikin mota ya ce yana da kwalba guda mai tumɓuke shi, kuɗinka yake so. Amma akwai magungunan da ke kwantar da shi har fata ta koma sumul, mutum ya yi karatunsa, ya yi noma, ya yi aure, ya haifu.

A gida: a yi wanka da ruwa mai ɗumi, ba mai zafi ba, da sabulu marar ƙarfi. Da an fito, tun jiki da danshi, a shafa man kaɗanya ko basilin sosai. Kada a ɓanɓare ɓawo da ƙarfi. Hasken rana daidai gwargwado yana taimaka wa yawancin masu ciwon.

A asibiti: akwai man shafawa mai narkar da ɓawo, da mai kwalta, da mai sinadarin bitamin D, da mai sitiroyid wanda likita ke ƙayyade ƙarfinsa da kwanakinsa. In ciwon ya yi yawa ko ya taɓa gaɓoɓi akwai ƙwayoyi irin su metotireset, wanda ake sha sau ɗaya a mako tare da gwajin jini, kuma mai ciki ba ta shan sa ko kaɗan. Akwai kuma sababbin allurai masu ƙarfi, sai dai tsadarsu ta fi ƙarfin yawancin mutane. Ana samun likitocin fata a Asibitin Koyarwa na Aminu Kano da Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika, Zariya. A fara daga asibiti mafi kusa, a nemi takardar turawa.

Gargaɗi na musamman: a guji sayen man shafawa mai sitiroyid a kemis ko kasuwa ba da izinin likita ba, irin wanda ake cewa yana maganin kowane ƙurji, da man bilicin. Da farko za a ga sauƙi, amma daga baya fata ta yi siriri ta yi zane-zane, ciwon ya dawo da ƙarfi. Mafi haɗari su ne ƙwayoyi da allurar sitiroyid, har da waɗanda wasu ke sha don ƙiba. In mai soriyasis ya sha su ya daina farat ɗaya, ciwon yana iya rikiɗa ya zama mai mugunya ko mai game jiki.

Kammalawa

A shekarar 2014 babban taron Hukumar Lafiya ta Duniya ya amince cewa soriyasis ciwo ne mai daɗewa, mai wahalarwa, wanda ba ya yaɗuwa, ya kuma yi kira a yaƙi ƙyamar da ake nuna wa masu shi. Ranar 29 ga Oktoba ta kowace shekara ita ce ranar tunawa da su a duniya.

Mu a nan aikinmu ƙarami ne, amma yana da amfani. Ya ku ɗalibai, in kun ga faci a jikin ɗan'uwanku, kada ku zama likitoci, kada kuma ku zama alƙalai. Ku faɗa wa malamin ɗaki ko malamar asibiti. Malamai, mu tuna yaron da ke sa riga mai dogon hannu cikin zafin bazara, ko yake gudun wasanni, wataƙila wani abu yake ɓoyewa. Mu tambaye shi a keɓe. Iyaye da dattawan ikkilisiya, kada a cire yaro daga makaranta ko a fasa aure saboda jita-jita alhali kuɗin mota zuwa Kano ko Zariya ya isa a san gaskiya.

Shi kuwa yaron nan da na ba ku labarinsa, ranar da muka dawo na tara 'yan ɗakin na bayyana musu abin da likita ya ce, shugaban ɗakin da kansa ya mayar da gadon wurinsa. Ya gama makaranta tare da 'yan ajinsa. Ciwon yakan taso masa da hunturu, ya shafa maganinsa, ya kwanta. Allah ya ba marasa lafiya sauƙi, mu kuma ya ƙara mana fahimta, amin.